Me Ya Sa A Ke Ce Wa Masara Masara?

Jama'a masu karatu, ga wata tambaya. Kowa ya san masara. Muna shuka ta a bayan gida da fadama, muna gasa ta da damina, muna tuƙa tuwonta. Amma mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa tambayar inda sunan nan ya fito? Gero da dawa ba su tuna mana da wani gari. Masara kuwa, in ka saurara da kyau, za ka ji sunan ƙasa a cikinta, watau Masar.

Ba masara kaɗai ke da irin wannan suna ba. A Hausa da Larabci da Ingilishi da Faransanci akwai kayan marmari da launuka da yawa masu ɗauke da sunayen garuruwa. Wanda ya bi sawunsu zai ga hanyoyin da fataken dā suka bi. Zai kuma lura da abu guda: sau da yawa kaya ya kan ɗauki sunan kasuwar da mai saye ya fara ganinsa, a manta da gonar da ya fito. Maganar ta shafe mu, mu mutanen Icirnawa da Kance da Matameye. Ƙasarmu tana tsakanin Damagaram da Daura, a kan hanyar Kano, kuma an daɗe ana sayar da kayan ƙasar Hausa da sunan wasu.

Dawar Masar

Asalin masara ƙasar Meziko ce, can nahiyar Amurka. Mutanen can sun yi dubban shekaru suna nomanta kafin wani a Afirka ko Turai ya san da ita. Sai bayan 1492, shekarar da Kolumbus ya ƙetare teku ya isa can, aka kawo irinta Turai. Daga Sifen ta bazu a ƙasashen bakin Bahar Rum, har ta shiga Masar. Masana suna ganin daga nan ta biyo alhazai da fatake ta iso Barno da ƙasar Hausa. Barebari ma da sunan Masar su ke kiranta. Kakanninmu ba su san Meziko ba. Abin da suka sani shi ne baƙuwar dawa ce daga gabas, sai suka ce dawar Masar. Da tafiya ta yi tafiya aka taƙaita, aka bar masara.

Abin dariya, in ka je Masar ɗin, dawar Sham za ka ji suna ce mata. Mutanen Italiya kuma hatsin Turkiyya su ke cewa, haka ma Faransawan dā. Kowa yana nuna maƙwabcinsa, ba wanda ya ambaci mai ita.

Haka ta faru da gwanda. Muna da gwandar daji tun fil azal. Sa'ad da babbar nan mai laushi ta zo, aka sa mata gwandar Masar, alhali ita ma daga Amurka ta fito. Yau in an ce gwanda kawai, baƙuwar a ke nufi. Ta gida sai an haɗa da daji kafin a gane ta.

Kayan marmari a bakin Ingilishi

To, bari mu duba yadda Turawan Ingila suka yi da nasu. Akwai ɗan ƙaramin lemun nan mai sauƙin ɓarewa, wanda a kasuwannin Kano da Katsina a ke ce wa tanjarin. Kalmar daga Ingilishi ta zo, su suna rubuta ta "tangerine". Ma'anarta ɗan Tanja. Tanja kuwa birni ne a arewacin Maroko, a bakin teku, yana fuskantar Sifen. Daga tashar jiragen ruwansa a ke loda lemun zuwa Ingila wajen shekarar 1840, sai sunan ya bi shi. Amma asalin itacen Asiya ne, wajen ƙasar Sin. Babban lemun zaƙi ma daga can ya ke, sai dai da ya ke fataken Fotugal ne suka yaɗa shi, Larabawa suna ce masa "burtuƙal", Turkawa da Girkawa ma da sunan Fotugal su ke kiransa.

Akwai wani ɗan itace mai laushi, kamar ƙaramin mangwaro, mai ƙwallo ɗaya a ciki. Ingilishi suna ce masa "peach", Faransawa "pêche". Duka biyu daga bakin Rumawan dā suka fito, waɗanda su ke ce masa tuffar Farisa. Shi ma daga Sin ya ke, Farisa zango ce kawai a kan hanya. Ƙananan busassun inabi, irin zabibi, sunansu "currant", daga Korinti, wata tashar jirgin ruwa ta ƙasar Girka. Wani ɗan itace baƙi mai kama da ɗinya sunansa "damson", watau ɗan Dimashƙa, babban birnin Sham.

Ga wanda ya fi kusa da mu. Tsamiya, wadda mu ke sha a kunu, da Ingilishi "tamarind" ce, da Faransanci "tamarin". Kalmar Larabci ce, "tamar hindi", ma'ana dabinon Indiya, domin daga Indiya Larabawa su ke samunta. Masana itatuwa kuwa sun ce a nan Afirka asalinta ya ke, daga baya ta ƙetara Indiya. Ka ga itacen da ke tsaye a gonakinmu, amma duniya ta san shi da sunan wata ƙasa.

Dawarmu ma Ingilishi suna ce mata "guinea corn", zabo kuma "guinea fowl", watau hatsin Gini da kazar Gini. A wancan zamani duk gaɓar tekun Afirka ta Yamma Gini Turawa su ke ce mata, domin nan jiragensu ke tsayawa. Dawa kuwa amfanin gonar ƙasashe ne irin namu, masu nisa da teku. Ba su zo nan ba tukuna, saboda haka suka sa mata sunan inda suka tsaya.

Launuka

Bahaushe in zai faɗi launi, abin da ke kusa da shi ya ke dubawa. Sai ya ce ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan zuma. Rawaya ma sunan wani tsiro ne da a ke rini da saiwarsa. Turawa su ma suna yin haka, amma da ya ke kayan rini da na fenti da yawa saye su ke yi daga nesa, wasu launukan nasu sunayen garuruwa ne.

Launin shuni da Ingilishi da Faransanci "indigo" ne. Girkawan dā suka sa masa wannan suna, ma'anarsa abin Indiya, domin daga can a ke kawo musu. Wani launi tsakanin shuɗi da kore sunansa "turquoise", watau na Turkiyya. Sunan wani dutsen ado ne. A Farisa a ke haƙa shi, amma ta hannun fataken Turkiyya ya ke isa Turai. Akwai kuma "sienna", wani launi mai kama da makuba. Wannan kam sunansa gaskiya ne, domin ƙasa ce da a ke haƙa kusa da birnin Siyena na Italiya, masu zane su yi fenti da ita.

Wanda ya fi ban mamaki shi ne "magenta", ja mai sirkin shuɗi. Majenta ƙaramin gari ne kusa da Milan a Italiya. Ran 4 ga watan Yuni 1859 sojan Faransa da na Sardiniya suka ci sojan Ostiriya da yaƙi a wurin. A daidai lokacin ne wani masanin haɗa magunguna a birnin Liyon na Faransa ya fito da sabon rini mai wannan launi, wanda ba daga tsiro a ke samunsa ba. Masu sayarwa suka ga sunan Majenta yana bakin kowa, sai suka liƙa wa rinin. Mutanen garin ba su rina ko ƙyalle ɗaya ba. A nan kasuwa ce ta ari suna domin kaya ya shiga.

Mu kuwa ba mu jira Indiya ba wajen shuni. Muna da babanmu, muna da marinarmu. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka Kano. Ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a ke rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Tumbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus. A cikin tufafin ƙasar Kano akwai wanda ya riƙe sunan garinsa, shi ne rawani ɗan Kura. Kura gari ne a kudu da Kano. A kan tsoma ƙyallen a baba sau da yawa, sa'an nan mabuga su buge shi da shuni har ya riƙa walƙiya. Abzinawa ba su da abin ado kamarsa, kuma suna biyan kuɗi mai tsoka a kansa. A shekarar 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Sannu a hankali rinin kanti da yadin kanti suka cika kasuwa, marina da yawa suka bushe. Duk da haka har yau in an ce ɗan Kura, mai saye ya san abin da ya ke nema.

Mu ma haka mu ke yi

Kada mu ga laifin Turawa su kaɗai. Dubi goro. Fataken Kano da Katsina sun yi ɗaruruwan shekaru suna tafiya Gwanja, a arewacin ƙasar Gana ta yau. Su kan ɗauki kanwa da fata da tufafi, su yi watanni a hanya, su komo da goro. Babbar kasuwar a ƙarni na 19 ita ce Salaga. Amma goron ba a Gwanja ya ke fita ba. A kurmin Asante ya ke, can kudu, kuma sarakunan Asante ba su cika barin fataken arewa su wuce ciki ba. Manomin Asante ya yi wahala, mu kuwa muka ce goron Gwanja.

Ga kuma gyaɗar nan mai saurin nuna wadda manoma ke ce wa ƴar Dakar. Daga Senegal irinta ya zo, gaskiya ne. Amma a gidan binciken noma na Bambey aka zaɓo shi, wani gari a cikin ƙasar, nesa da Dakar. Dakar ce aka sani, ita ta ci sunan.

Wani sunan kuma ya kan faɗa daidai. Gishirin da mu ke ce wa balma daga Bilma ya ke zuwa, can Kawar. Ayarin raƙuman Abzinawa ya kan ƙetare Tenere bayan damina, ya kai gero, ya ɗauko gishiri da dabino zuwa Damagaram da sauran ƙasar Hausa. Me ya sa wannan suna bai ɓata ba? Domin hannu ɗaya ne tsakanin mai haƙa da mai saye. Wanda ya ɗauko daga Bilma shi ne ya sauke a kasuwarmu, ya faɗi inda ya fito. In hannuwa suka yi yawa, a nan suna ke faɗuwa a hanya.

Fatar jar akuya

Yanzu ga babban misali. A Turai akwai wata fata mai tsada wadda a ke yi wa manyan littattafai bango da ita, a ke kuma ɗinka jaka da takalmi na masu hali. Ingilishi suna ce mata "morocco", Faransawa "maroquin", watau fatar Maroko. Ba shakka Maroko tana da majemanta, na birnin Fas sun daɗe da shahara. Amma kashi mai yawa na fatar da aka sayar da wannan suna daga ƙasar Hausa ta fito, daga jikin jar akuyar Sakkwato da Maraɗi.

Fatar jar akuya tana da laushi, ga ƙarfi, ga kyan ido. Majemanmu su kan jiƙa ta a ruwan toka su cire gashi, su jeme ta da ƴaƴan bagaruwa, sa'an nan a rina ta ja da karan dafi. Barth ya ga jemammun fatu da takalma a cikin kayan da ke fita daga Kano zuwa arewa. A ƙarshen 1852 ya sauka Damagaram. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya gina ganuwar birnin, ya rasu a 1884, Damagaram ta zama babban zango a kan wannan hanya. Fataken Gadamas da Tarabulus suka zauna a unguwar Zango. Ayari ya kan tashi daga Kano, ya biyo ta Damagaram da Abzin, ya wuce Gat da Gadamas har Tarabulus. Wasu kayan kuma su kan karkata yamma zuwa Maroko. A bakin teku Bature ya ke saye. Bai taɓa jin sunan Maraɗi ba, bai san majemin da ya ɓata hannunsa da bagaruwa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, fataucin hamada ya ja baya, fatu suka koma bin Ikko. Masu yi wa littattafai bango a Ingila kuma su kan kira irin wannan fata da sunan kogin Neja. An ɗan matso kusa, amma har yanzu ba a iso gida ba. A 1963 aka buɗe gidan kiwon jar akuya a Maraɗi domin kada irinta ya gauraye ya ɓace. Duk da haka, har yau baduku a Damagaram ko Yamai in zai rubuta sunan sana'arsa da Faransanci, kalmar da zai samu ita ce "maroquinerie". Fatar tasa ce, aikin nasa ne, sunan na Maroko.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai an biya kuɗin fatar? An biya, amma kuɗin ɗanyen kaya. Mai saye a Turai in ya ji daɗin fatar, Maroko zai yaba, can zai koma nema, can zai ƙara kuɗi. Yabo yana bin suna, ciniki kuma yana bin yabo. Shi ya sa Hausawa su ke cewa suna linzami ne.

Albasar Galmi

A zamaninmu an so a maimaita wannan, amma ba a yi barci ba. Galmi gari ne a jihar Tawa, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, a kan babbar hanyar mota. Albasarsa ta yi suna saboda yajinta da daɗewarta a ajiye. Da Faransanci "Violet de Galmi" a ke ce mata, an haɗa launinta da sunan garin. Motoci suna kai ta Abijan da Akara da Lome da Kwatano. Manoman Madawa da na sauran fadamun yankin duk suna nomanta, amma Galmi ce ke bakin hanya, ita aka sani. Ko a nan ma ka ga kasuwa ce ta ba da suna. Sai dai wannan karon sunan bai bar gida ba.

A shekarun 2000 wani kamfanin sayar da iri na wata ƙasa ya nemi a rubuta masa irin wannan albasa da wannan suna a matsayin mallakarsa. Ya kai buƙatarsa ga OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai rajistar irin waɗannan haƙƙoƙi, wadda mazauninta ke Yawunde. Da an yarda, da iri da sunan da manoman Galmi suka gada daga kakanninsu sun koma hannun wani. Ƙungiyoyin manoma da gwamnatin Nijar suka ƙi, kamfanin ya janye daga sunan. A 2023 OAPI ta ba da takardar da ta ɗaure sunan albasar Galmi da ƙasar da a ke nomanta. Kilishin Nijar ma ya sami irin wannan takarda. Irin dokar da Faransawa suka daɗe suna tsare sunayen cukunsu da ita ke nan.

Abin da ya rage gare mu

Daga duk wannan labari abu uku sun fito. Na ɗaya, suna ya kan ɓace ne in kaya ya bi hannuwa da yawa ba wanda ya faɗi inda ya fito. Manoman da suka haɗa kai suka kai kayansu babbar kasuwa da kansu, da sunan garinsu a jikin buhu, sun fi wanda ya sayar a bakin gona riƙe sunansu. Na biyu, suna ba ya tsayawa sai da nagarta. Ɗan Kura ya daɗe domin marina da mabuga ba su yi ha'inci ba. Buhu ɗaya da aka cika ƙasansa da ruɓaɓɓen kaya ya isa ya ɓata wa gari duka. Na uku, a wannan zamani suna yana bukatar takarda. Abin da kowa ya sani a baki, wani yana iya zuwa ya rubuta shi a ofis ya ce nasa ne.

Mu ma muna da abin da za mu tsare. Ga raken fadamun Matameye, ga gyaɗarmu, ga irin gero da wake da dawa waɗanda tsofaffi suka zaɓa shekara da shekaru har suka dace da ƙasarmu. Ko wane iri yana da suna, wani na gari, wani na mutumin da ya kawo shi. Mai karatu, tambayi dattawan unguwarku sunayen irin da ke cikin rumbunansu, da inda ko wanne ya fito, da wanda ya fara shuka shi. Rubuta abin da suka gaya maka, ka ajiye. Wata rana jikokinmu za su nema, ko kuwa wani baƙo ya zo da takarda ya ce shi ya ƙago.